Tawada a Jikin Tuwona

Ina gaishe ku 'yan'uwa cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Sunana Rifkatu, matar Bitrus mai injin niƙa a bakin hanyar Bakura, nan Talata Mafara. Matan zumunta sun san ni, ni ce mai zama kusa da ƙofa don goyona ba ya son zafi.

Tun kafin kome ya same mu ina ɗauke da tsoro guda, gara in fara da shi. Ina tsoron takardar gwamnati. A ƙauyenmu can ƙasar Zuru, ina ƙarama, na ga an zaunar da babana a rana a ƙofar gidan mai gari tun hantsi har la'asar saboda haraji. Ya biya fa. Guntuwar takardar da aka ba shi ce ya soke a rufin ɗaki, gara ta cinye ta. Mutanen da yake gaisawa da su kullum suna wucewa suna kau da kai. Tun ranar, in na ga mutum da jaka a hannu da biro a aljihun gaba, sai in sauya hanya.

Aikin dam ne ya kawo mu garin nan. Maigidana ya yi shekara uku yana zuba kankare a Bakolori. Da aka fara rage leburori, ya haɗa kuɗin sallamarsa ya sayo tsohon injin niƙa daga Gusau. Lokacin gari cike yake da baƙi, ga kuma mutanen wajen Maradun da ruwa ya ci gonakinsu, kowa awo yake yi, kowa yana neman niƙa. Ranar da injin ya fara ƙara mata suka yi guɗa. Da aka watse na ce masa, "To wa zai riƙa yi mana maganar gwamnati?"

Ya ce, "Ke dai Rifkatu, ko sabon ɗaki aka ba ki sai kin nemi inda zai yi yoyo."

Ba a yi wata biyu ba, wata Lahadi, lokacin da ake cewa baƙi su tashi a gan su, wani mutum ya miƙe. Kwat da taye a cikin zafin bazara, takalminsa yana kuka in ya taka. Ya ce sunansa Dauda. Ya miƙa wa mai bishara wasiƙa daga ekklisiyar garinsu, irin wadda kowannenmu yake zuwa da ita in ya sauya gari. Aka karanta a gaban kowa: an yi masa baftisma, yana cin jibin Ubangiji, yana cikin mawaƙa. Sai ya roƙi a ba shi minti biyu. Ya ce ya yi aiki a ofishin haraji a babban birni, kuma Ubangiji ya ɗora masa nauyin 'yan'uwa masu ƙananan sana'o'i, kada a riƙa cutarsu a baƙon wuri. Muka ce amin da ƙarfi. Daga ranar ba wanda ya ƙara kiransa Dauda, sai Akawu.

Ga kuskurenmu, kuma ina cikin masu yinsa. Wasiƙar ta ce an yi masa baftisma. Ba ta ce ya san haraji ba, ba ta ce ofis ya san da shi ba. Amma tun da daga gaban ekklisiya aka karanta ta, sai muka ɗauka ta wanke shi a kan kome. Kun kuma san halinmu. Abin kunya ne ka dubi ɗan'uwan da kuka sha ƙoƙo ɗaya ka ce masa nuna mini shaidarka. Mai kanti ta ba shi, makaniki ya ba shi, mu ma muka ba shi. Ya karɓi kuɗi, bayan kwana biyu ya kawo rasit da hatimi a jiki, mu adana a gwangwanin madara.

Ba ya zuwa gidanmu sai an sauke tukunya. Ban san yadda yake yi ba, kamar yana jin ƙarar muciya daga tasha. Zai yi addu'a a kan abinci har miya ta yi sanyi, sannan ya cinye kusan duka. Yana tsotsar ƙashi yana jera mini a kan tabarma. Hankici ɗaya gare shi, da shi yake share wuya, da shi yake share baki, da shi yake goge takalmi. Yana kirana "Mama mai albarka" da bakinsa cike. Raina ba ya sonsa ko kaɗan. Duk da haka ni ce nake tsame masa tsoka mafi kyau, don ina jin daɗi a ce Akawu a gidan mai inji yake cin abinci. Na faɗa a gaban Allah, ina da wannan girman kan.

Wata rana na tuƙa tuwon shinkafa, fari tas. Da ya tafi na zo ɗaukar kwano, sai na ga sauran malmalar da ya bari da shatin yatsu, shuɗi mai duhu, har wuri uku. 'Yata Rahila ta kai hannu za ta ci, na buge hannun. Ko kaji ban ba su ba, a bola na zubar. Na wanke kwanon da toka sau biyu, ina jin kamar in yar da shi.

Ina wankin ne abin ya tsaya mini a rai. Launin nan irin na hatimin da ke jikin rasit ɗinmu ne. Wanda ya je ofis ya karɓo takarda, me zai kai tawadar hatimi yatsunsa? Ai mai bugawa shi ne hannunsa yake ɓaci.

Na buɗe gwangwani. Na ɗauko rasit ɗin da aka ba ni a asibiti lokacin haihuwar Iliya, da na rumfar kasuwa, na ajiye kusa da na Akawu. Na asibiti da na kasuwa gefensu ɗaya yana da ƙananan haƙora, don daga littafi aka yage su a gabana. Bayansu kuma da dattin takardar nan mai shuni da ake sa wa a ƙasa. Na Akawu kuwa sumul ta ko'ina, kamar da reza aka yanke, bayansu fari ƙal.

Na nuna wa maigida. Ya duba ya ce, "Aji nawa kika yi?"

Na ce, "Biyu."

"Shi fa?"

Na fara tattara takardun.

Ya ce, "To kada in ƙara jin kin zargi bawan Allah a gidan nan. Tawada kuma, ai mai aikin biro dole hannunsa ya ɓaci. Ni ba ki ga gari a gashina ba?"

Na mayar da takardun na rufe gwangwani. Fiye da shekara ina tuƙa wa mutumin nan tuwo, ina kallon yatsunsa, ina haɗiye yawu. Wannan shirun shi ne zunubina. Na sani, na kuma zaɓi zaman lafiya a ɗaki.

Sai aka zo neman inji guda da zai riƙa niƙa wa kicin ɗin ma'aikatan dam. Aka ce wa maigidana aikin nasa ne, amma ya kawo takardar shaidar cewa yana biyan haraji. Ya gaya wa Akawu. Akawu ya ce gobe. Gobe ta zama jibi, jibi ta zama manyan ofis sun tafi Sakkwato. Da mako uku ya wuce, maigida ya gaji, ya ɗauki gwangwanin da kansa ranar Alhamis ya tafi ofishin haraji.

Da azahar maƙwabciyata ta shigo ba sallama. Inna Hajo ke nan, matar Alhaji Mamman mahauci, dattijuwa ce da ta riƙe ni kamar 'ya tun zuwanmu unguwar. Ta ce, "Uwar Rahila, ɗauki mayafinki. An riƙe mijinki wurin 'yan sanda. Alhaji ya tahi tun ɗazu."

Na same shi zaune a ƙasa, ba riga, ba takalmi, garin dawa har yanzu a girarsa. Bai iya ɗaga ido ya dube ni ba. Aka ce duk takardun da ya kai na jabu ne, ko kwabo bai taɓa shiga asusun gwamnati da sunansa ba. Ya kwana ɗaya. Alhaji Mamman da mai bishara suka tsaya masa aka sake shi, aka sa wa ɗakin inji kwaɗo. Aka ba shi mako biyu ya nuna ba shi ya buga takardun ba. In ya kasa, kotu, daga kotu kuwa gidan yari.

Ranar Lahadi bayan sujada dattawa suka zauna a ƙarƙashin bishiyar bayan coci, aka kira Akawu. Na zaci zai gudu. Ina! Ya zo da kwat ɗinsa, ya durƙusa, ya fashe da kuka. Ya ce shi ma cutarsa aka yi, wani ne a cikin ofis yake ba shi takardun. Aka ce wane ne? Ya ce mutumin mai iyali ne, shi kuwa Kirista ba ya tona asiri. Dattawa suka gyaɗa kai. Suka ce ɗan'uwa ba ya kai ɗan'uwa ƙara gaban na waje, mu 'yan kaɗan ne a garin nan, kada a ba da mu. A yi haƙuri, a sa abin a addu'a.

Ba wanda ya ce wa zai yi zaman gidan yarin.

Da aka tashi Akawu ya ja maigidana gefe, ina tsaye da goyo ina ji. Ya ce akwai wanda zai ɓatar da takardun ƙarar gaba ɗaya, amma sai an ɗan motsa hannu. Yana maganar ya fyace hanci a hankicin nan, ya buɗe ya duba, ya ninke, sannan ya kama hannun mijina da hannun ya ce, "Mu yi addu'a." Na zaga gefe na yi amai.

Muna isa gida maigida ya ce in fito da tasoshin aurena da 'yan kunnena a kai kasuwa. Mutumin da ya jefa shi rami, shi yake so ya ƙara ba kuɗi ya fitar da shi. Tsoro ya gama rufe masa ido. 

Ranar Litinin da tsakar rana na tafi ɗakin inji na zauna a ƙasa, na jingina da ƙofar da aka kulle. Wurin da kullum ba ka jin maganar na kusa da kai, ranar har kukan ƙuda ina ji. A nan na yi addu'ar da ban taɓa irinta ba. Na ce, "Ya Yesu, ba zan yi maka ƙarya ba. Ina ƙyamar mutumin nan. Ina ƙyamar hawayensa, ina ƙyamar amin ɗin da muka ce masa, ina ƙyamar hannuna da ya zuba masa miya. Ka nuna mini tun bara, na rufe gwangwani na koma kicin. Ka gafarta mini. 'Ya'yana biyu, ba ni da kowa a garin nan. Kada ka bari a kulle ubansu a kan takardar da ko rubuta irinta bai iya ba."

Ban ga haske ba, ban ji murya daga sama ba. Abin da na sani, tsoron da nake ɗauke da shi tun ina yarinya ya sake ni. Sai magana ɗaya ta zauna mini a zuciya: tashi ki tambaya. Abin da ban taɓa yi wa mai jaka da biro ba ke nan.

Iliya ya fara kuka, kukan ya jawo Inna Hajo. Ta tsaya a kaina ta ce, "Mi kike yi nan cikin rana kamar wadda anka kora? Za ki gasa ɗan mutane. Tashi mu koma inuwa."

Na gaya mata maganar tasoshi. Ta riƙe haɓa ta ce, "Wanga miji naki, gari ya shige mashi kunne. Ke dubi Alhaji. Shanu nawa ka bi ta hannunai? Kin taɓa jin an sa mashi kwaɗo? Malam Garba ka yi mashi lissafi. Tsohon ma'aikacin haraji ne, da ya aje aiki ya samu izini shina taimakon 'yan kasuwa. Kowace Talata shina zuwa daga Gusau, shina zama shagon tela kusa da kara."

Kara ita ce kasuwar shanu. Sai na faɗi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ce, "Inna, ai ba namu ba ne."

Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Ta ce, "To naku mai waƙa, mi ya yi muku? Ni da na yi miki wankan jego, taku ce?" Sannan ta ɗaure fuska. "Amma kada ki yarda da shi don ni na ce. Jin an ce shi ya kai ku inda kuke. Tahi ki gani da idonki."

Washegari Talata, ranar kasuwa. Na goya Iliya, na sa gwangwanin a ƙullin zane. Hanya ta bi da ni ta ƙofar ofishin haraji. Akwai wasu mutane da suke zama a gindin bishiya a wurin, kowa da jakarsa. Na tarar sun kewaye wani tsoho daga Dosara da yake bin diyyar gonarsa, wannan yana jan hannun rigarsa, wancan yana leƙa aljihunsa, kamar ungulaye a bayan mahauta. Ɗaya ya hango ni ya taso yana washe haƙoran goro.

"Madam, haraji ne ko diyya? Kawo in gani, yanzu-yanzu a gama."

Na ce, "Ina takardarka ta izini?"

Ya ce, "Fuskata ita ce takardar. Kowa ya san ni."

Na biyu ya ture shi ya zaro wani kati, ya rufe rabinsa da babban yatsa ya nuna mini da sauri. Na gane shi. Katin shiga ƙofar kamfanin dam ne, irin wanda mijina ya rataya a wuya shekara uku. Na ce, "Wannan ai na masu kwaɓa siminti ne, akwai irinsa a akwatina." Sauran suka kwashe da dariya, shi kuwa ya zage ni. Na tofar da yawu na wuce.

Na sami Malam Garba a kan benci a shagon tela. Tsoho ne siriri, tabaraunsa an ɗaure ƙafa ɗaya da zare. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi maigida, ya tambayi ɗan baya, ya tambayi rana, ya tambayi gajiya. Duk na amsa. Da gaisuwa ta ƙare na ce, "Baba, ka yi mini gafara. Kafin in faɗi abin da ya kawo ni, ina so in ga takardarka ta izini."

Tela ya tsayar da kekensa ya juyo.  Malam Garba ya buɗe jaka ya fito da takarda a cikin gilas, an naɗe ta da tsohon rawani, da hotonsa a jiki lokacin gemunsa bai yi fari ba. Ya bar ni na duba har na gaji. Sannan ya ce, "Kin gani, ɗiyata. Amma takarda ce ta kai mijinki inda ya kwana, Alhaji ya ba ni labari. Kada ki tsaya nan. Tahi ofis ki tambayi mai karɓar kuɗɗi ko sunana shina cikin littahinsu. Ina nan har la'asar."

Ranar na fara taka cikin ofishin gwamnati da ƙafata. Na bi layi har na kai taga. Mai karɓar kuɗi ya ce, "Malam Garba? Kowa a nan ya wuce ta hannunsa." Na ce a nuna mini a littafi. Ya dube ni ta saman gilashinsa, ya yi tsaki, amma ya jawo littafin ya sa yatsa a kan sunan. Na haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya har na karanta. Na ce, "Dauda da ake kira Akawu fa?"

Ya ce, "Wane ne haka?"

Na koma shago. Malam Garba ya faɗi ladan aikinsa a gaban tela, bai ɓoye ba, ya ce kuma zai ba ni rasit a kansa. Sannan ya ce, "Kuɗɗin gwamnati kuwa hannuna ba ya taɓa su. Ni lissahi nike yi, in rubuta, in raka ku. Mijinki shi za ya miƙa da hannunai, shi karɓi rasit da hannunai. Duk wanda ya ce kawo in kai maki, ki riƙe zanenki da kyau."

Ya baje takardun a kan benci. Ya ce, "Mi ya sa kika yi shakka tun farko?" Na ba shi labarin tuwon. Ya yi dariya har tari ya kama shi, tela yana cewa, "Wanga ɓarawo ko sabulu bai saye." Da ya huta ya ce, "Mutum nawa ya yi wa aikin ga?"

Na ce, "Kusan duk masu sana'a a cocinmu."

Ya nuna mini lambar da ke saman kowane rasit. Ya ce a littafin gwamnati lamba ba ta maimaita kanta. In aka sami lamba ɗaya a gida biyu ko uku, kowa kuma ya ce hannu ɗaya ya ba shi, to an san mijina wanda aka cuta ne. Ya ce in tattaro na sauran kafin Talata mai zuwa. Ya ƙara da cewa wanda ya kai kansa ofis ya fi wanda aka je aka kamo sauƙi, in gaya musu haka.

Da na koma gida maigida ya ce ina tasoshin. Na ce, "Tasoshina ba za su fita ba." Tun da aka yi aurenmu ban taɓa ce masa a'a ba. Ya ɗaga murya, na bar shi ya gama, sannan na gaya masa inda na je da abin da mai karɓar kuɗi ya ce. Ya zauna a bakin gado. Ya ce, "Cewa ya yi wane ne haka?" Na ce haka ya ce.

Kwana shida ina bin gidajen 'yan'uwa. Wannan ya fi mini zuwa wurin 'yan sanda ɗaci. Wata ta ce mijinta ba ya nan, ina jin tarinsa a ɗaki. Matar wani dattijo ta ce, "Ke ce za ki tona wa ekklisiya asiri a gaban Musulmi?" Na ce, "Mama, Musulmin ne ya tsaya wa mijina." Ta rufe ƙofa. Wasu tsoro ne kawai, ban ga laifinsu ba, na san ɗanɗanonsa.

Mama Talatu ce ta fara, gwauruwar nan mai kanti a bakin tasha. Ta kwance ɗankwalinta ta zazzage takardun a cinyata ta ce, "Kuɗin makarantar marayuna ne ya ci. In kamu ne a kama mu tare." Da aka ji ta bayar, matar makaniki ta kawo nasu a ɓoye cikin kwanon awo, sai kuma wani mai gyaran keke.

Ranar Talata muka shiga ofis, Malam Garba a gaba yana dogara sanda, maigidana a baya da wankakkiyar riga. Aka jera takardun gida huɗu a kan tebur. Lamba ɗaya ta fito a gida uku. Shugaban ofis ya duba, ya kira wani ya duba, ya aika a kira ɗan sanda. Aka rubuta bayanin kowa. Malam Garba ya yi magana a hankali, ba roƙo, ba hayaniya, yana nuna layi da yatsa. Kafin la'asar aka ce an janye ƙarar Bitrus.

Yabo ga Yesu!

Harajin kuwa dole muka sake biya daga farko. Malam Garba ya zauna da mu ya tambayi abin da inji yake kawowa da abin da mai da gyara suke ci, ya yi lissafi, ya roƙa aka yarda mu biya kashi-kashi. Abin da ya ƙara tayar mini da zuciya, ainihin harajin bai kai abin da Akawu yake karɓa ba. Maigidana ya miƙa kashin farko ta taga da hannunsa, aka rubuta a gabansa, aka yage daga littafi aka ba shi. Washegari aka cire kwaɗo.

Aikin kicin ɗin dam ya wuce mu, an ba wani. Akawu kuma tun ranar Asabar ya hau motar kaya ya bar gari, da ya ji ina bin gidaje. Ba a same shi ba har yau. Akwai waɗanda ba sa amsa gaisuwata a coci, suna cewa ni na kore shi. Dattijo ɗaya ne ya zo har gida ya ce sun yi kuskure, Allah ya sa masa albarka.

Ina gode wa Ubangiji da ya bar wa 'ya'yana ubansu. Ina gode masa don Inna Hajo da Alhaji, da Mama Talatu, da tsohon nan mai tabarau. Ya aiko taimako ta ƙofar da na raina. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa, yana jin addu'a ko wadda aka yi da baƙin rai.

Ban gama warkewa ba, ba zan ɓoye ba. In mawaƙa suka ɗauko waƙar da mutumin nan yake ja mana, bakina ɗaci yake yi, sai in fita waje. An ce mu gafarta, ina ƙoƙari, ban kai ba. Ku sa ni a addu'a.

Roƙona gare ku shi ne wannan. Duk wanda zai taɓa muku maganar haraji, ko ɗan'uwa ne ko ɗan uwarku, ku ce ya nuna izininsa, ku je ofis ku tambaya ko an san shi, kuɗin kuma ku miƙa da hannunku. Na kuma san akwai gidaje a cikinmu da takardun Dauda suke kwance a ƙasan akwati har yanzu. Kada ku jira a zo da kwaɗo. Ku fito da su ranar Talata da hantsi, ku same ni a ɗakin inji. Zan raka ku.